Inbata Mai Bin Wutar Layi a Gona: Yadda Take Aiki da Matakan Haɗa Ta

Manoma da yawa ba sa gane abin da suka saya sai ranar da aka fara ɗauke wuta bayan an kafa musu sola. Rana tsaka, ba ko ɗigon gajimare, farantan sola jere a kan rufin sito suna ƙyalli, amma famfon ban ruwa ya tsaya cak, fankokin ɗakin kaji sun yi tsit, inbata kuma ta kunna jar fitila. Sai mutum ya ɗauki waya cikin fushi ya kira wanda ya haɗa masa, wai kaya sun lalace. Alhali babu abin da ya lalace. Haka aka ƙera ta.

Inbata mai bin layi 'yar amshi ce. Wutar layi ce ke ba da waƙa, ita kuma ta karɓa daidai da sautin da aka ba ta. Da zarar mai waƙa ya yi shiru, ita ma sai ta kama bakinta, komai zafin rana. Duk shawarar da za ka yanke a kan wannan aiki daga nan take tasowa, tun daga girman inbatar har zuwa kaurin wayar da za ka binne.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Farantan sola suna ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir, wadda za ka ga an rubuta mata DC a jikin na'ura. Wutar layi kuwa kai-komo take yi, ita ce AC. A yawancin ƙasashen Afirka, Turai da Asiya tana yin zagaye 50 a kowace daƙiƙa, a Amurka da Kanada kuma 60. Wannan shi zan riƙa kira bugun wuta. Aikin inbata shi ne ta mayar da ta farko zuwa ta biyu, kuma masu kyau a cikinsu ba sa asarar fiye da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari a wajen juyawar.

Amma juyawa kaɗai ba ta isa ba. Kafin ta saki ko amfiya ɗaya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, sai ta saurari layi: nawa ne boltej ɗinsa, wato ƙarfin da ke tura wutar, yaya bugunsa yake, a wane lokaci yake hawa, a wane lokaci yake sauka. In ta ga komai yana cikin iyaka, sai ta daidaita nata bugun da na layi, sannan ta ɗan ɗaga boltej ɗinta sama da na layi kaɗan. Wannan ɗan fifikon shi ke sa wuta ta gangaro daga gare ta zuwa wayoyin gona, kamar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu. Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta, domin ita ce tushen matsalar da ta fi damun gonakin da ke nesa da taransifoma.

Ta ɓangaren farantai kuma akwai wani sashe da ake rubuta wa MPPT. Shi ke lalubo boltej ɗin da farantai za su fi ba da ƙarfi a kansa, yana kuma sake lalubawa duk lokacin da haske ko zafi ya canza.

To me ya sa take mutuwa in an ɗauke wuta? Saboda ran mutane. In layi ya katse ta ci gaba da turo wuta, wutar za ta bi waya ta koma taransifoma ta baya, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ma'aikacin da ya hau turke yana ganin layi a kashe yake ya kama ajalinsa. Shi ya sa ƙa'idojin haɗa irin wannan inbata da layi suka wajabta mata yanke kanta cikin gaggawa. Ƙa'idar IEEE 1547 da ake bi a Amurka ta ce kada a wuce daƙiƙa 2. In wuta ta dawo ma ba ta shiga nan take, sai ta jira, daga kamar minti ɗaya zuwa biyar gwargwadon dokar ƙasa, ta tabbata layin ya natsu. Duk mai gyaran da ya ce zai cire maka wannan tsari, ka sallame shi tun daga bakin ƙofa.

Wa ke ba famfo wuta, rana ko layi?

Babu wani makunni da ke zaɓa. Inbata da layi a kan waya ɗaya suke, kayan gona suna sha daga abin da ke nan. A ce famfo da ɗakin sanyi da fankoki suna cin kilowat 4.5, sola kuma tana ba da 4. Rabin kilowat da ya rage shi ne kawai zai wuce ta mita. Gajimare ya gifta, sola ta sauka zuwa 1.5, nan take layi ya cike 3, ko fitila ba za ta ƙifta ba. Ka kashe famfo mai cin 2.2 rana kuma ta dawo, lodi ya koma 2.3, saura 1.7 ba shi da wurin zuwa sai waje, ya bi ta mita ya fita layi.

A nan ne wannan tsari ya yi wa sola mai zaman kanta fintinkau a gona. Injin lantarki, irin na famfo ko na niƙa, yakan ja wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci a lokacin tashi. Inbata mai aiki da batir kaɗai dole ta ɗauki wannan nauyi da kanta, shi ya sa ake sayen mai girma fiye da bukata. Mai bin layi ba ruwanta. Layi ne ke ɗaukar jan farko, ita tana ci gaba da ba da abin da rana ta ba ta.

Mataki na farko: ka san halin layinka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka tambayi kuɗin komai, ka ɗauki littafi ka yi mako biyu zuwa huɗu kana rubuta abu biyu: sa'o'in da ake ɗauke wuta tsakanin hantsi da la'asar, da kuma boltej ɗin layi a lokuta uku, da safe, da tsakar rana, da dare. Ƙaramar mitar gwaji ta hannu ta isa, ko irin wadda ake sokawa a soket ta riƙa nuna lamba.

Lissafin ɗauke wuta ba shi da wuya. In a cikin sa'o'i takwas na rana mai amfani layinka yana mutuwa na huɗu, rabin abin da farantanka za su samar ya tafi a banza. A irin wannan wuri, gaskiyar magana ita ce inbata mai bin layi zalla ba taka ba ce. Ka nemi mai haɗin gambiza, wadda ke bin layi in yana nan, in ya tafi kuma ta ware kanta daga shi ta ci gaba da aiki da batir. Ko kuma, in ban ruwa ne babban aikinka, ka ba famfo nasa farantan da tasa inbatar ta musamman mai tuƙa famfo kai tsaye, ka tara ruwa a tanki maimakon ka tara wuta a batir.

Shi kuwa boltej, inda ake aiki da 230, iyakar da aka saba bi ita ce kashi 10 sama ko ƙasa, wato daga 207 zuwa 253. In layinka da tsakar rana yana kaiwa 245 ko sama, ka ja layi ƙarƙashin wannan lamba, za ta yi maka aiki a mataki na biyar. In kuma yana faɗuwa ƙasa da 200 a kai a kai, inbata za ta yi ta fita tana dawowa, kowace fita kuma da mintunan jiranta.

Mataki na biyu: me gonar ke ci, kuma da yaushe?

Takardar kuɗin wuta tana gaya maka yunit nawa ka ci a wata, amma ba ta gaya maka da wane lokaci ka ci su ba, kuma lokacin shi ne komai. Ka karanta mita da ƙarfe 8 na safe, ka sake karantawa da ƙarfe 4 na yamma, na tsawon mako guda. Bambancin shi ne abin da sola za ta iya rage maka kai tsaye.

Gonaki sun bambanta ƙwarai a nan. Mai kiwon kaji a wuri mai zafi, fankokinsa sun fi aiki daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, kamar don shi aka yi sola. Haka ɗakin sanyi. Mai tatsar madara da inji kuwa, aikinsa da asuba ne da yamma, lokacin da farantai ba su da abin kirki, sai dai ya mayar da dafa ruwan wanke kaya da sanyaya ruwa zuwa tsakar rana. Ka kuma tuna da watannin da gona ke hutu. Famfon da ke aiki wata biyar a shekara ba zai sha wutar sauran wata bakwai ba.

Mataki na uku: mita da kamfanin wuta

Wannan mataki shi mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi cizo. Dole ka san abin da mitarka ke yi in wuta ta bi ta cikinta ta baya. Tsohuwar mita mai faifai takan juya da baya, in ba a sa mata abin hanawa ba. Mita mai ƙirga shiga da fita daban-daban ita ce ta dace da wannan aiki. Amma akwai mitocin zamani, har da wasu na biya-kafin-ka-sha, da ba su san gaba da baya ba. Duk abin da ya wuce ta cikinsu ci ne. Irin wannan za ta caje ka kuɗin wutar da kai ka ba layi kyauta, wata kuma ta ɗauka ana yi mata kutse ta yanke ka.

Ka je wurin kamfanin da ke ba ka wuta ka tambaya a rubuce: ana yarda a turo wuta layi? In ana yarda, har kilowat nawa, kuma yaya ake biya? A wasu ƙasashe ana cire abin da ka turo daga abin da ka ci, yunit da yunit. A wasu ana saye a farashin da bai kai wanda ake sayar maka ba. A wasu kuma ba a yarda ba sam. Kusan ko'ina ana bukatar izini kafin a haɗa, kuma haɗawa a ɓoye na iya jawo tara ko yanke layi.

In ba a yarda ba, ko biyan bai taka kara ya karya ba, mafita ita ce a hana wuta fita. Ana maƙala wani ɗan zobe mai auna amfiya a jikin babbar wayar da ta shigo daga mita, ana rubuta masa CT, shi ke gaya wa inbata abin da ke wucewa. Da ta ga wuta na shirin fita sai ta rage hannu, ta ba da daidai abin da gona ke ci. Abu uku ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya, a sa zoben a wurin da wani reshen waya ya riga ya rabu, sai ya zama bai ga lodin gona duka ba. Wurinsa shi ne dab da mita, kafin kowane reshe. Na biyu, a juya shi. Akwai kibiya a jikinsa, in ta kalli inda bai kamata ba, inbata za ta ɗauki shiga a matsayin fita, ko ta ƙi ba da wuta gaba ɗaya ko ta yi ta turawa waje. Na uku shi ne nisa. A gona sau da yawa mita tana bakin hanya, inbata tana can jikin sito. Siririyar wayar zoben ba ta son a yi ta ƙara mata tsawo. In tazarar ta yi yawa, a sa ƙaramar mita ta musamman kusa da babbar, ta riƙa aika wa inbata saƙo ta wayar sadarwa irin ta RS485, wadda ke iya tafiyar ɗaruruwan mitoci.

Mataki na huɗu: girma, fes, da jeren farantai

In ba za a biya ka kuɗin kirki a kan abin da ka turo ba, ka auna girman sola da lodin rana, ba da faɗin rufinka ba. A wuri mai rana sosai, kilowat ɗaya na farantai yakan ba da yunit 4 zuwa 5 a yini, a ƙasashe masu sanyi da gajimare kuma ƙasa da haka. An saba sa farantai su ɗan fi inbata, misali kilowat 6 a kan inbata mai 5. Dalili shi ne lambar da ke jikin faranti an auna ta ne a zafin digiri 25, alhali a kan rufi yakan kai 60 ko fiye, kuma kowane digiri sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. Ga kuma ƙura. Da wuya ka ga faranti ya ba da cikakkiyar lambarsa.

In gonarka fes uku take da shi, wato wayoyi uku masu ɗauke da wuta maimakon ɗaya, da bolt 400 tsakanin fes da fes, ka sayi inbata mai fes uku. Mai fes ɗaya za ta yi aiki, amma duk wutarta a kan waya ɗaya za ta zuba, ta ɗaga boltej ɗin wannan fes ɗin shi kaɗai, kuma injuna masu fes uku ba sa son rashin daidaito, zafi suke yi. Sannan ya danganta da yadda mitarka ke lissafi, kana iya turo wuta waje ta fes ɗaya kana sayen wata ta sauran biyun a lokaci guda.

Wajen jera farantai akwai lissafin da ba a yi masa ganganci. In an jona su bi da bi, boltej ɗinsu haɗuwa yake yi, kuma sanyi yana ɗaga shi. Ɗauki faranti mai bolt 50 in ba a ɗora masa lodi ba, wanda ke ƙaruwa da kashi 0.28 cikin ɗari a kowane digiri na sanyi. In safiyar da ta fi sanyi a wurinka tana sauka zuwa digiri 5, an samu ragin digiri 20 daga 25 ɗin da aka auna shi, boltej ya koma 52.8. Inbata mai iyakar 600 za ta ɗauki 11 ke nan. Wanda ya raba 600 da 50 ya jera 12, wata safiya zai aika mata da 633, kuma kamfanin da ya ƙera ta ba zai biya shi ba. Lambobin naka farantan suna bayan kowane ɗaya, da su za ka yi lissafi, ba da nawa ba.

Farantan da ke jere ɗaya su kalli gefe ɗaya, su kuma zama iri ɗaya. Arewacin ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, ana fuskantar da su kudu, kudancinta kuma arewa, da ɗan karkata ko da digiri 10 ne don ruwan sama ya riƙa wanke su. Ka zagaya da safe da yamma ka ga inda inuwar tankin ruwa, rumbu ko bishiya ke faɗawa. Inuwa a kan faranti ɗaya tana ja wa jeren duka.

Mataki na biyar: waya, inda ake yin araha ta zama tsada

Na taɓa tsayawa gaban wata inbata a wata gona, mai ita yana ta ƙorafin cewa tana aiki lafiya da safe da yamma, amma da tsakar rana sai ta yi ta mutuwa. Muka tsaya muna kallon allonta. Tana shiga boltej yana 243. Tana ƙara ƙarfi lambar tana hawa, 248, 251, 254, sai ƙas, ta fita. Nan take lambar ta faɗo 242. Bayan minti ɗaya ta sake shiga, ta sake hawa, ta sake fita. Shi yana zargin inbata, ita kuwa tana bin doka ne. Laifin yana ƙarƙashin ƙasa.

Ka tuna na ce sai ta ɗaga boltej ɗinta sama da na layi kafin wuta ta gangara. Gwargwadon tsawon waya da sirantakarta, gwargwadon ɗagawar da za ta yi. Inbata mai kilowat 5 a fes ɗaya tana tura kusan amfiya 22. Wayar tagulla mai kaurin 6mm² tana da turjiya, wato tare wutar da waya ke yi, kusan om 3.08 a kowace kilomita. In tsawon wayar daga inbata zuwa mitar wuta mita 100 ne, zuwa da dawowa 200 ke nan, turjiya ta zama om 0.62. Ka ninka da 22, za ka samu sama da bolt 13. Layi yana 242, ita tana ganin 255, ta haye iyaka. Da an sa 16mm², mai om 1.15 a kilomita, ƙarin bolt 5 ne kawai, ta tsaya a 247 ta yi aikinta har yamma. Wayar alminiyam kuma ta fi tagulla turjiya, sai an ƙara mata kauri.

Mafita ba ta wuce huɗu ba. A ƙara kaurin waya. Ko a kawo inbata kusa da mita, a bar wayar DC ta yi doguwar tafiyar, tun da boltej ɗinta ya fi yawa amfiyarta kuma kaɗan ce. Ko a koma fes uku, inda kilowat 5 ɗin nan bai wuce amfiya 7 da 'yan kai a kowane fes ba. Ko kuma, in layin ne da kansa yake sama, a nemi kamfanin wuta ya sauke taransifoma mataki ɗaya. Abin da ba mafita ba shi ne a shiga saitin inbata a ɗaga iyakar. Za ta daina fita, gaskiya ne, amma fitilu da injunan da ke kan wannan waya su za su sha boltej ɗin.

Wurin rataye ta ma abin dubawa ne. Inuwa, iska, bango mai ƙwari, da tazarar da littafinta ya ce a bari a kowane gefe. In ta yi zafi rage ƙarfi take yi da kanta. Kada a sa ta cikin ɗakin kaji ko garken shanu, domin iskar amoniya da ke tashi daga kashinsu tana cin ƙarfe da mahaɗan waya. Kada a sa ta kusa da injin niƙa ko inda ake tara ciyawa. Wayoyi kuma duk a zura su cikin bututu, don ɓera ba ya tambayar ko wayar DC ce.

Mataki na shida: janareta

Kusan kowace gona tana da janareta da makunnin sauya layi. Inbata ba ta san bambancin wutar layi da ta janareta ba. In ta ji boltej da bugu daidai, sai ta amsa. Matuƙar lodi ya fi abin da take bayarwa, abin zai tafi. Amma ka kashe famfo, rarar wutar ta rasa inda za ta, sai ta koma cikin janareta. Boltej da bugu su haukace, in an yi sa'a wani abu ya yanke, in ba a yi ba a ƙona na'urar daidaita wutar janareta ko kayan gona. Ko ba a kai nan ba, injin dizal ba ya son aiki da lodin da bai kai kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, yakan tara baƙin maiƙo a salansa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jona inbata ta gefen layi na makunnin sauyawa, yadda in an koma janareta ita tana waje. In kana son sola ta rage maka shan dizal, akwai na'urar da ke tsayawa tsakaninsu tana rage ƙarfin inbata don janareta ya riƙe lodinsa, amma wannan aikin ƙwararre ne.

Mataki na bakwai: kariya da kunnawar farko

Haɗawa da allon rarraba wuta aikin mai lasisi ne, amma kai mai gona ka san abin da za ka duba. Inbata ta samu bireka tata ita kaɗai, da rubutu a kai. A sa makunnin yanke DC wanda aka ƙera don DC, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa kamar na AC, bireka ta gida ba za ta iya da shi ba. A sa na'urar kare tsawa ta ɓangaren farantai da ta ɓangaren layi, tun da doguwar waya a fili tana kwaso bugun aradu ko da daga nesa ta faɗi. Ƙarafan da farantai ke kai da jikin inbata duk a haɗa su da wayar ƙasa. Mahaɗan wayar farantai su zama na kamfani ɗaya, a matse su da abin matsewa na ainihi, ba da filaya ba. Mahaɗi mai sako-sako a kan rufin sito mai cike da busasshiyar ciyawa, ba sai na faɗi ƙarshensa ba.

Kafin a kunna, a auna boltej ɗin kowane jere a tabbatar bai wuce lissafi ba, kuma ba a juya wayar mai alamar (+) da mai alamar (-) ba. A zaɓi ƙa'idar ƙasarka a saitin inbata. Tsarin kunnawa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a bi littafi. Wajen kashewa kuwa, abin da aka saba shi ne a fara yanke AC, sannan DC, a jira aƙalla minti biyar kafin a buɗe murfi. Kuma ko an kashe komai, wayoyin da suka sauko daga rufi suna ɗauke da ɗaruruwan bolt muddin akwai haske.

Kada ka sallami mai haɗawa sai kun yi gwaji uku a gabanka. A kashe babbar bireka ta layi, ka ga inbata ta mutu nan take, a kunna ka ƙirga jiranta. A kunna famfo ka ga lambar abin da ake ja daga layi ta ƙaru, wannan shi ke nuna zoben CT yana kallon daidai. Sannan a kashe kayan gona duka da tsakar rana, ka tsaya gaban mita ka ga abin da take yi.

Bayan an kunna

Daga nan sauran aikin na agogo ne. Ban ruwa, cika tanki, niƙan abincin dabbobi, dafa ruwa, cajin batiran kayan aiki, duk abin da zai iya jira a kai shi tsakanin ƙarfe 10 da 3. Kada a tashe su gaba ɗaya, a bi da su ɗaya bayan ɗaya yadda lodi zai yi ta tafiya kusa da abin da rana ke bayarwa. Ɗan makunni mai agogo a kan famfo yakan yi abin da ƙarin farantai huɗu ba za su yi ba.

Manyan gonaki da kamfanin wuta ke caja a kan ingancin jan wutarsu, su lura da wani abu. Injuna suna jan wani kaso na wuta da ba ya zama aiki, kai-komo kawai yake yi a waya don riƙe maganaɗisun inji. Sola tana rage wutar aiki da kake saye amma ta bar wancan kason yadda yake, sai mita ta ga kamar jan wutarka ya lalace. Inbatoci da yawa ana iya saita su su ɗauki wani ɓangare na wannan nauyi, ka tambayi mai haɗawa in ka ga sabon caji a takarda.

Ka riƙa rubuta yunit ɗin da take bayarwa kowane mako. In ya sauka ba tare da yanayi ya canza ba, fara da ƙura da kashin tsuntsaye. A wanke da ruwa zalla da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, ba lokacin da gilashi ya ɗau zafi ba. Sau biyu a shekara a share ƙofofin iskar inbata, a duba ko ɓera ya taɓa waya, a duba na'urar kare tsawa ko alamarta ta canza launi, musamman bayan an yi ruwa da tsawa. Farantai sukan zo da garantin ƙarfi na shekara 25, inbata kuwa galibi shekara 10 zuwa 15 take yi, don haka ka sa sauya ta sau ɗaya a cikin lissafinka tun yanzu, ka kuma adana takardar da ke ɗauke da adadin farantan kowane jere da boltej ɗinsu don ranar da za a zaɓi wadda za ta maye gurbinta.